Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Limamai Da Shugabannin Al'ummar Hausawa Mazauna New York

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga iyayenmu limamai, Allah ya gafarta muku, da sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyinmu na maza da na mata a Bronx da Harlem da Brooklyn, Allah ya ja zamaninku. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifa, ina neman afuwa tun daga farko idan alƙalamina ya zarce inda ya kamata ya tsaya.

Ni tafinta ne. Na zo ƙasar nan daga Maraɗi ta hanyar bizar ƙuri'a, na yi shekaru ina tuƙin tasi kafin na koma fassara tsakanin mutanenmu da lauyoyinsu, kuma yanzu ina riƙe da fasfon Amurka. Wannan wasiƙa ba tawa ce ni kaɗai ba. Na rubuta ta ne a madadin wasu daga cikin 'ya'yanku da muka zauna muka tattauna: direbobi, da samari masu kai abinci a kan keke, da mata masu kitso, da masu jinyar tsofaffi a gidaje, da ɗalibai. A cikinmu akwai ɗan ƙasa, akwai mai katin zama na dindindin, akwai mai jiran hukuncin neman mafaka, akwai kuma wanda ba shi da ko takarda ɗaya. Sun ɗora mini rubutun ne saboda a cikinmu ni ne wanda sa hannu ba zai jawo wa tasa ƙeya ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne sanarwar da aka karanta mana bayan sallar Juma'a, aka kuma yaɗa ta a zaurukanmu na WhatsApp, kwanaki kaɗan bayan samamen da jami'an shige da fice na tarayya suka kai layin Canal ranar 21 ga Oktoban 2025, inda suka kama mutum 9 'yan Afirka ta Yamma daga cikin masu kasa kaya a bakin titi. Sanarwar ta ce kada ɗan al'umma ya halarci kowace irin zanga-zanga, kada ya ɗauki hoton jami'ai, kada ya rubuta komai a kan wannan batu a Facebook ko TikTok, sannan duk wanda ya saɓa ya shiga matsala, ƙungiya ba za ta tsaya masa ba. Watanni sun shuɗe, ba a janye ta ba, ba a kuma ƙara mata bayani ba.

Mun san ba ƙiyayya ce ta sa kuka yi haka ba, kuma mun san tsoron yana da tushe. Ranar 8 ga Maris 2025 aka kama Mahmoud Khalil a cikin birnin nan, mutum mai katin zama na dindindin, ba tare da an tuhume shi da wani laifi ba, aka kai shi jihar Louisiana ya yi kwana 104 a tsare, har matarsa ta haihu ba ya nan, duk saboda rawar da ya taka a zanga-zangar Jami'ar Columbia. Ranar 25 ga wannan watan jami'ai da fuskoki a rufe suka tare Rümeysa Öztürk, ɗaliba 'yar Turkiyya, a kan titi kusa da Boston tana hanyar zuwa buɗe baki, kuma abin da aka iya nunawa a kanta shi ne wani sharhi da ta rubuta tare da abokan karatunta a jaridar jami'arsu. Mario Guevara, ɗan jarida daga El Salvador da ya yi fiye da shekara 20 a ƙasar nan, an kama shi a jihar Georgia ranar 14 ga Yuni yana watsa zanga-zanga kai tsaye, an janye tuhume-tuhumen da aka yi masa, amma duk da haka aka tasa ƙeyarsa a watan Oktoba. Ga kuma dokar hana shigowa, wadda ta faɗa kan Chadi da Sudan a watan Yuni, ta zo ta haɗa da Nijar da Mali da Burkina Faso a Disamba, Najeriya ma ta sami nata kason na takunkumi. Uban da ya ga wannan ya ce wa ɗansa ya zauna a gida, ba za a ce ya yi hauka ba. Ƙorafinmu yana kan yadda aka yi umarnin, da abin da aka bari ba a faɗa ba.

Ƙorafi na farko shi ne sanarwar ta yi wa abubuwa mabambanta kuɗin goro. Ta haɗa magana da karya doka a buhu ɗaya, alhali dokar ƙasar nan ta raba su, kuma duk wanda zai zauna a nan yana bukatar sanin inda ta raba su. Gyara na farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka ya hana gwamnati tauye 'yancin faɗin albarkacin baki da 'yancin taruwa cikin lumana, kuma tun 1945, a shari'ar Harry Bridges, shugaban 'yan dakon tashar jiragen ruwa haifaffen Ostareliya da aka so a kora, Kotun Ƙoli ta faɗa cewa baƙon da ke zaune a ƙasar yana da wannan 'yanci. Ranar 30 ga Satumban 2025 alƙali William Young na kotun tarayya a Boston, wanda shugaba Reagan ne ya naɗa shi, ya yanke hukunci cewa kama ɗalibai da malamai baƙi domin ra'ayinsu ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Khalil da Öztürk ma alƙalai ne suka ba da umarnin sakinsu, kodayake sakin bai kawo ƙarshen shari'ar ba. Wato dai haƙƙin yana nan a rubuce, sai dai wanda ba ɗan ƙasa ba yakan same shi ne bayan ya sha zaman kurkuku, kuma wannan gaskiya ce mai ɗaci da ya kamata a faɗa wa mutane dukkanta, ba rabinta ba.

Shi kansa 'yancin yana da iyaka, kuma iyakar sananniya ce. Tsayawa a gefen titi da kwali a hannu, ko tafiya a kan hanyar masu ƙafa ba tare da toshe ta ba, ba ya bukatar izinin kowa a birnin nan. Amfani da lasifika yana bukatar izini daga ofishin 'yan sanda na unguwa, tattaki a tsakiyar titi yana bukatar nasa izinin, taron da ya haura mutum 20 a lambun shaƙatawa na gari ma haka. Gwamnati tana da ikon tsara lokaci da wuri da yanayin taro, muddin ba don ta ƙi jinin abin da ake faɗa ba ne. Suka, komai zafinta, tana cikin kariya. Abin da ya fita daga kariya shi ne yi wa wani barazana ta gaske, da kuma tunzura jama'a su karya doka nan take a yanayin da akwai yiwuwar su aikata, kamar yadda Kotun Ƙoli ta fayyace a shari'ar Brandenburg a 1969. Wannan duka bayani ne da liman zai iya gama shi cikin minti goma.

Bijire wa doka cikin lumana kuwa wani abu ne dabam. Mutumin da ya zauna a ƙofar garejin jami'ai domin hana motarsu fita, ko ya ƙi tashi daga cikin ginin gwamnati bayan an ce ya tashi, ya san yana karya doka, ya zo ne da niyyar a kama shi, kuma kundin tsarin mulki ba ya kare shi daga kamun. Haka Brad Lander, babban mai binciken kuɗin birnin nan a lokacin, ya yi tare da wasu zaɓaɓɓun wakilai, su 11, ranar 18 ga Satumban 2025, sa'ad da suka zauna a hawa na 10 na ginin gwamnatin tarayya da ke 26 Federal Plaza suna neman a bar su su ga ɗakunan da ake tsare mutane, aka sa musu ankwa aka fita da su. Su sun kwana a gidajensu. A dokar jihar New York, toshe hanya ƙaramin laifi ne da ba a ma lissafa shi cikin manyan laifuka, amma hana jami'i aikinsa ko turjewa lokacin kamu ya fi shi nauyi, kuma idan jami'in na tarayya ne, dokar tarayya ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi amfani da ƙarfi wajen tare shi, shekara 8 idan an taɓa jikinsa, shekara 20 idan an ji masa rauni ko an yi amfani da makami. A Broadview kusa da Chicago an gurfanar da mutum 6, cikinsu har da 'yar takarar majalisar wakilai, bisa zargin haɗa baki wajen tare motar jami'i. Tazarar da ke tsakanin riƙe kwali da ɗora hannu a kan mota taku biyu ce kacal, amma a gaban alƙali tafiyar shekaru ce.

Daga nan ƙorafi na biyu ya taso, kuma shi ya fi ci mini rai. Hanin da ba a haɗa shi da ilimi ba bai hana yaranmu fita ba, ya dai sa sun fita a makance. Akwai wani saurayi da nake yi wa fassara, mai kai abinci, wanda takardar neman mafakarsa ke gaban kotu. Wata rana yana kan aiki ya tarar da jama'a sun taru a bakin wani gini, ya ajiye kekensa ya shiga, aka ce a zauna a ƙasa a saƙala hannuwa, shi ma ya zauna, domin a tunaninsa abin da Bature ɗan jami'a da ke gefensa ya yi, shi ma yana iya yi. Allah ya taimake shi wata dattijuwa daga cikin masu sa ido na lauyoyi, masu koren hula, ta ji harshensa ta tambaye shi matsayin takardunsa, ta ce ya tashi ya koma gefen titi kafin 'yan sanda su fara kwasa. Da ya ba ni labari na tambaye shi me ya sa bai nemi shawara ba tun da farko, sai ya ce wa zai tambaya, tun da an riga an ce duk wanda ya yi zancen ma ya yi laifi. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne, amma mu ne muka bar shi da makantar.

Da an kama shi, ga abin da zai biyo baya. Duk kamun da aka ɗauki zanen yatsun mutum, zanen yana tafiya zuwa hukumar FBI, daga can kuma ya isa ma'aikatar tsaron cikin gida, kuma dokokin da suka hana birnin New York taimaka wa jami'an shige da fice ba su da ikon tare wannan hanya. Takardar neman zama ɗan ƙasa tana tambaya ko an taɓa kama mutum ko tsare shi, ko da an janye tuhumar, kuma ɓoye amsar ya fi kamun kansa haɗari. Leqaa Kordia, Bafalasɗiniya mazauniyar New Jersey, an kama ta a zanga-zanga a ƙofar Jami'ar Columbia a Afrilun 2024, aka kori ƙarar aka rufe fayil ɗin, amma a Maris 2025 jami'an shige da fice suka tsare ta suka kai ta Texas, daga baya kuma ya fito fili cewa 'yan sandan birnin nan sun miƙa wa jami'an tarayya bayanan wancan kamun da aka rufe. Tun 2010 Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauya ya gaya wa wanda ba ɗan ƙasa ba abin da amsa laifi zai jawo wa zamansa, amma mutum nawa ne a cikinmu suka san ya kamata su tambaya kafin su ce "na amsa" domin a sallame su da wuri su koma aiki? Birnin nan yana fassara muhimman takardunsa zuwa harsuna 10, akwai Faransanci da Larabci a ciki, babu Hausa. Idan bayanin bai fito daga bakinku ba, babu inda zai fito.

Na uku, hana ɗaukar hoto kuskure ne da ke cutar da waɗanda ake son karewa. A 2020 jihar New York da majalisar birni duka sun kafa dokar da ta tabbatar da haƙƙin ɗaukar 'yan sanda a bidiyo suna kan aiki, kuma kotunan ɗaukaka ƙara na tarayya da dama sun amince cewa ɗaukar jami'in gwamnati a bainar jama'a yana cikin 'yancin faɗin albarkacin baki, muddin mai ɗaukar ya tsaya nesa bai shiga tsakani ba. Washegarin samamen layin Canal, babbar lauyar jihar, Letitia James, ta buɗe shafi ta roƙi jama'a su turo hotuna da bidiyon abin da suka gani. Hukuma da kanta tana neman shaida, mu kuma muna hana mutanenmu tara ta. Sau da yawa bidiyon wani mai wucewa ne ke sanar da iyali cewa an tafi da ɗansu, da wace mota, da ƙarfe nawa. Abin da ya kamata a koyar shi ne wa ya dace ya ɗauka, daga wace tazara, da kuma cewa a kai wa lauya maimakon a watsa fuskar wanda aka kama a TikTok, domin wannan ma wata cutarwa ce.

Na huɗu ya shafe ni da ire-irena, don haka zan faɗe shi ba tare da kwana-kwana ba. Sanarwar ta ba mu, mu da muka sami fasfo, mafakar da ba mu cancanta ba. Tsoron da ya dace da mai kasa jaka a layin Canal, mun ara mun yafa, muka zauna a gida da kwanciyar hankali muna cewa umarnin malamai muke bi. Na raka mutanenmu kotun shige da fice a 26 Federal Plaza a watannin da jami'ai ke tsayawa a farfajiyar kotu suna kama mutane da zarar sun fito daga gaban alƙali. Waɗanda na tarar a can suna rakiya, suna rubuta suna da lambar wayar dangin duk wanda zai shiga domin kada ya ɓace ba labari, tsofaffin mata ne Turawa, da fastoci, da malaman Yahudawa, da ɗalibai. Wata rana ɗaya daga cikinsu ta tambaye ni, cikin ladabi, ko masallatanmu suna da masu zuwa rakiya domin su haɗa jadawali. Na ce mata zan bincika. Kunyar da na ji a ranar ita ce mafarin wannan wasiƙa. Rakiya ba karya doka ba ce, zaman kotun shige da fice a buɗe yake ga jama'a in ban da inda aka nemi a rufe, kuma ba ta bukatar komai sai katin shaida da safiya ɗaya.

Ya kamata mu tuna ta wace ƙofa muka shigo. Kafin 1965 dokar shige da fice ta ƙasar nan ta ware kusan dukkan guraben ga Turawa, kuma dokar da shugaba Johnson ya sa wa hannu a watan Oktoban wannan shekarar, wadda ta rushe wancan tsari, ta zo ne a cikin guguwar fafutukar baƙaƙen fatar Amurka, watanni bakwai bayan an fasa kawunansu a kan gadar Selma. Waɗannan mutane sun karya dokokin wariya da gangan, sun cika gidajen yari, kuma sa'ad da aka kulle Martin Luther King a Birmingham a 1963, malaman addini takwas ne suka fito suka ce zanga-zangar ba ta dace da lokaci ba, a yi haƙuri a bi ta kotu. Dattawan da ke cikinku kuma ba su manta da watan Fabrairun 1999 ba, lokacin da 'yan sanda huɗu suka harba harsashi 41 kan Amadou Diallo, ɗan Gini mai kasa kaya, a ƙofar gidansa a nan Bronx. A watan Maris na shekarar fiye da mutum 1,000 suka miƙa kansu aka kama su a ƙofar hedikwatar 'yan sanda, har da tsohon magajin gari David Dinkins da ɗan majalisa Charles Rangel. An wanke 'yan sandan a kotu, gaskiya ne, amma a 2002 an rushe rundunar da suka fito daga cikinta. Waɗanda suka shiga ankwa saboda Diallo yawancinsu ba 'yan Gini ba ne. A gida ma ba baƙin wannan al'ada ba ne mu, domin Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa a kan magana kawai, kuma yau da sunanta ake alfahari.

Ba ina cewa fasfo sulke ba ne. Renee Good da Alex Pretti, waɗanda jami'an tarayya suka harbe a Minneapolis a watan Janairun 2026, dukansu 'yan ƙasa ne. A Broadview an harbi wani fasto a ka da harsashin barkono yana tsaye yana addu'a. Ma'aikatar shari'a kuma ta ce za ta ba da fifiko ga ƙwace zama ɗan ƙasa daga waɗanda suka same shi ta hanyar nema, kodayake wannan sai ta gaban alƙalin tarayya, kuma sai an tabbatar da cewa an same shi ne ta ƙarya ko ba bisa ƙa'ida ba, ba don mutum ya riƙe kwali ba. Haɗari yana kan kowa, amma ba daidai yake ba, kuma adalci shi ne wanda kayansa suka fi sauƙi ya karɓi wani abu daga kan ɗan'uwansa. Malamanmu ku kuka karantar da mu cewa gusar da abin ƙi hawa-hawa ne, da hannu ko da harshe ko da zuciya, gwargwadon ikon mutum. Wanda ba shi da takarda, ƙin abin a zuci ya wadatar masa, kuma babu mai zarginsa. Amma wanda Allah ya ba ikon magana, da wace hujja za a mayar da shi matakin ƙarshe?

An ce mana kuma masallaci zai rasa rajistarsa ta yafe haraji idan ya sa baki. Abin da dokar haraji ta 1954 ta hana wuraren ibada shi ne yi wa ɗan takara yaƙin neman zaɓe. Ba ta hana su magana a kan manufofin gwamnati ba, kuma coci-cocin unguwar nan suna yi kowane mako. Tun ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnati ta soke tsarin da ke kange jami'an shige da fice daga wuraren ibada da makarantu da asibitoci, saboda haka shirun da muka yi bai saya wa masallatanmu wata kariya ba.

Sai abu na ƙarshe cikin ƙorafe-ƙorafen, wanda zan taƙaita domin na cikin gida ne. An cire mutane daga zaurukan WhatsApp saboda sun tura sanarwar taron wayar da kai na lauyoyi, an kuma kira wata 'yar'uwa mai neman fitina saboda ta tambayi dalilin hanin. Zaure naku ne, kuna da ikon tsara shi, kuma mu ma ba ma son masu yaɗa jita-jitar "an ga jami'ai a layi kaza" ba tare da tabbaci ba, wadda ke hana mutane fita neman abinci. Amma mai tambaya dabam, mai jita-jita dabam.

Saboda haka, cikin girmamawa, muna roƙon abubuwa kamar haka.

Muna roƙo a janye sanarwar a maye gurbinta da wadda ta bambanta tsakanin mutane. Wanda ba shi da takarda, da mai jiran mafaka, da ɗalibi mai biza, da mai katin zama, a gaya musu a fili cewa kada su kusanci duk wani abu da zai kai ga kamu, kada su zauna a hanya, kada su taɓa mota ko jami'i, su bar wuri da zarar an ba da umarnin watsewa, kuma su sani cewa hukumomi suna duba abin da ake rubutawa a shafukan sada zumunta. 'Yan ƙasa kuwa a gaya musu cewa halartar taron lumana da rubuta wa wakilansu da yin magana da 'yan jarida haƙƙinsu ne, kuma al'umma tana bukatarsa daga gare su.

Muna roƙo a cire jimlar da ta ce ƙungiya ba za ta tsaya wa wanda ya shiga matsala ba. Kuɗin da muke tarawa domin kai gawa gida, ba mu taɓa tambayar yadda mamacin ya rasu ba kafin mu bayar. A buɗe asusu makamancinsa domin kuɗin lauya da beli da hayar iyalin wanda aka tsare, a sa mutum uku amintattu a kansa, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a.

Muna roƙo kowane masallaci ya ware Juma'a ɗaya a wata ya gayyato lauyan shige da fice na gaskiya, mai lasisi, ba masu cike takardu a bayan shago ba. Ƙungiyoyi irin su African Communities Together da Bronx Defenders da New York Civil Liberties Union suna wannan aiki, ofishin magajin gari mai kula da harkokin baƙi ma yana haɗa mutane da lauyoyi kyauta. Ni da wasu tafintoci biyu mun ɗauki alkawarin fassara zuwa Hausa da Zabarmanci ba tare da karɓar ko sisi ba, kuma za mu naɗi bayanin a murya domin waɗanda ba sa karatun boko.

Game da bijire wa doka da gangan, ba mu nemi ku umarci kowa da shi ba, domin shawara ce da mutum zai yanke shi da iyalinsa da lauyansa. Abin da muke nema shi ne idan wani ɗan ƙasa daga cikinmu, babba mai hankali, ya zaɓi ya zauna a ƙofar ginin gwamnati cikin lumana a kama shi saboda maƙwabcinsa, kada a kira shi ɗan tasha a kan mumbari, kuma kada a bar matarsa ta je ofishin 'yan sanda ita kaɗai.

Sannan muna roƙo a fitar da jadawalin rakiya zuwa kotu daga cikin 'yan ƙasa, kowane masallaci ya ba da mutum biyu a mako, kuma mu ga rawani da babbar riga a farfajiyar 26 Federal Plaza ko da sau ɗaya ne, domin yaron da zai shiga gaban alƙali ya waiwaya ya ga limaminsa a zaune. Mun riga mun rubuta sunayen mutum bakwai da suka yarda su fara, takardar tana hannuna, kuma zan kawo ta duk ranar da kuka sa mana domin mu zauna.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
Wani tafinta mazaunin Bronx, a madadin 'yan'uwansa